Yadda ake zaɓa da neman tallafin NIH na babbar cibiyar binciken lafiya mai ayyuka da yawa

Wanda ya fara leƙa harkar tallafin bincike na gwamnatin Amurka, abin da ke fara ɗaure masa kai shi ne haruffa da lambobi: R01, P01, P30, P50, U19, U54. Sai ka ji abokin aiki ya dawo daga taro yana cewa su ma U54 za su nema, alhali in ka tambaye shi abin da ya raba ta da P50 sai ya yi shiru. Abin da ya ji kawai shi ne kuɗinta sun fi yawa. Da wannan tunanin ne mutane ke ɓata wata shida suna rubuta takardar da tun daga shafin farko masu tantancewa za su gane ba wurinta ba ne.

Hukumar da ke ba da wannan tallafi ita ce NIH, wato Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka, mai hedikwata a Bethesda ta jihar Maryland. Ba ofis guda ba ce. Cibiyoyi 27 ne a ƙarƙashinta, kowacce da cutar ko fannin da ta sa a gaba, kuma mafi yawansu kowacce da jakar kuɗinta. Kasafin hukumar ya kai kimanin dala biliyan 47 a shekarar 2024, kuma sama da kashi 80 cikin ɗari na fita ne zuwa jami'o'i da asibitoci da cibiyoyin bincike.

Hanyar da na ga ta fi sauƙin fahimtar nau'o'in ita ce ta gandu da gayauna. R01 gayauna ce: mutum ɗaya da yaransa, tambaya ɗaya, shekara huɗu ko biyar. Tallafin ayyuka da yawa kuwa gandu ne: akwai maigida, akwai gonaki da dama, akwai garma da rijiya da rumbun da kowa ke amfani da su. Duk matakan da ke tafe a kan gandun suke.

Mataki na farko: koyi karanta lambar tallafi

Buɗe shafin NIH RePORTER, kyauta ne, ba ya buƙatar rajista. Rubuta sunan cuta ko ƙasa, za ka ga jerin tallafin da aka bayar. Kowace lamba tana da gaɓoɓi. Adadin farko yana nuna matsayin takardar: 1 sabuwa ce, 2 sabuntawa ce ta gasa, 5 ci gaban shekara ne ba tare da gasa ba. Sai alamar nau'in, kamar U54. Sai haruffa biyu na cibiyar da ke riƙe da tallafin: CA ta ciwon daji ce, AI ta cututtuka masu yaɗuwa, HL ta zuciya da huhu da jini, HG ta binciken ƙwayoyin gado, TW ta Cibiyar Fogarty mai kula da hulɗa da ƙasashen waje. Adadin ƙarshe shi ne shekarar da tallafin yake ciki.

Ka ɗauki yini guda kana wannan karatun. Za ka ga wace cibiya ke amfani da wane nau'i a fanninka, nawa take bayarwa a shekara, kuma ayyuka nawa ke ƙarƙashin kowane gandu, domin shafin yakan jero su ɗaya bayan ɗaya. Ba kowace cibiya ke karɓar kowane nau'i ba. Wata tana karɓar P01 a kowane zagaye, wata kuwa sai ta fitar da sanarwa ta musamman, wata ma ba ta yi sam.

Mataki na biyu: tabbatar cewa gandu gare ka, ba gayaunai uku a jere ba

A nan mafi yawan masu nema ke faɗuwa, don haka zan daɗe a kansa.

A ce likitoci uku ne a asibitin koyarwa guda, dukansu a kan ciwon sikila suke aiki. Ɗaya yana son gano dalilin da wasu yara ke samun shanyewar ɓarin jiki wasu ba sa samu. Na biyu yana son gwada adadin maganin haidroksiyuriya da ya fi dacewa. Ta uku tana son sanin yadda za a kai awon jijiyoyin ƙwaƙwalwa zuwa ƙananan asibitoci. Ayyuka uku ne masu kyau. Amma kasancewarsu a kan cuta ɗaya, a gini ɗaya, bai mai da su gandu ba. Masu tantancewa tambaya guda suke yi: me za a rasa idan aka raba su, aka ba kowane R01 tasa? Idan amsar ita ce babu abin da za a rasa sai sunan cibiya da allon da za a kafa a ƙofa, to a nemi R01 uku a huta.

Yanzu a ce yaran da na biyu ke ba magani su ne waɗanda na farko ke ɗaukar jininsu, sakamakon na farko shi zai nuna wa na biyu yaran da suka fi buƙatar ƙarin magani, kuma ta uku da ma'aikatan da ta horar su ne ke gano yaran tun daga ƙauye suna turo su. Ɗakin ajiyar jini ɗaya, rumbun bayanai ɗaya, masanin ƙididdiga ɗaya. In ka zare aiki guda, sauran biyun sun gurgunce ko sun ninka tsada. Wannan shi ne jinkar da hannu ɗaya ba ya ɗauka, kuma shi ake biya wa kuɗi.

Gwajin da nake ba mutane shawara shi ne a ɗauki farar takarda, a zana akwati ga kowane aiki, a ja kibiya daga wannan zuwa wancan, a rubuta a kan kowace kibiya ainihin abin da ke tafiya: jini ne, bayanai ne, marasa lafiya ne, ko wata dabarar awo. Kibiyar da aka rasa abin rubuta mata sai "haɗin kai" ko "musayar ra'ayi", a goge ta. Akwatin da ya rage babu kibiya ko ɗaya, a cire shi, ko da na shugaban sashe ne. Na san wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin da ake jin nauyin manya, amma gara a ji kunyar a ofis da a ji ta a takardar sakamako.

Akwai kuma haɗari ta ɗaya ɓangaren. Idan aiki na biyu ba zai iya farawa ba sai na farko ya yi nasara, masu tantancewa za su ce an ɗora gini a kan tubalin da bai bushe ba. Abin da ake so shi ne kowane aiki ya iya tsayawa da ƙafarsa, ya kuma ƙara ƙarfi saboda 'yan uwansa.

Mataki na uku: bambance 'yan gidan P

P01 ita ce gandun asali. Ayyukan bincike ne masu alaƙa, a ƙarƙashin jigo guda da shugaba guda, da sassan hidima da suke tarayya a kansu, kamar ɗakin ajiyar jini ko rumbun bayanai. Yawancin cibiyoyi suna son aƙalla ayyuka uku, wasu sukan yarda da biyu. Galibi masu binciken ne ke kawo jigon da kansu.

P50 cibiya ce ta musamman da ake kafawa don a yi wa wata cuta taron dangi, tun daga ɗakin gwaji har gadon asibiti, kuma yawanci hukumar ce ke sanar da buƙatarta. Misalin da aka fi sani shi ne shirin SPORE da cibiyar ciwon daji ta fara a 1992, inda kowace cibiya ke ɗaukar wata gaɓa ko wani rukunin ciwon daji, kamar na mama ko huhu. A cikinta dole a ware kuɗin gwada sababbin dabaru da na raino matasan masu bincike, abin da P01 ba ta cika nema ba.

P30 ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Ba ta biyan kuɗin noman kansa, rijiya da garma take biya. Ana ba da ita ne ga wurin da masu bincike da yawa sun riga sun sami tallafinsu, ana so a haɗa musu kayan aiki da ma'aikatan da kowa zai amfana da su. Da ita ake riƙe cibiyoyin ciwon daji sama da 70 da hukumar ta amince da su, tsarin da ya samo asali daga dokar ciwon daji ta 1971, kuma kafin cibiya ta nema sai ta nuna tana da aƙalla dala miliyan 10 a shekara na tallafin binciken ciwon daji da aka ci ta gasa. Da ita kuma ake riƙe cibiyoyin binciken cutar ƙanjamau da aka fara a 1988. Wurin da babu gonaki tukuna, babu wanda zai haƙa masa wannan rijiyar.

P20 ta share fage ce: tsarawa, gwaji, da gina ƙarfin wurin da bai kai ga manyan ba. Shirye-shiryen COBRE da INBRE da ita ake yin su, amma an keɓe su ga jihohi 23 na Amurka da Puerto Rico, waɗanda a tarihi ba sa samun kaso mai yawa. Akwai wasu kuma, irin su P41 ta ƙera sababbin fasahohi da P51 ta cibiyoyin birai, waɗanda sanin sunansu ya wadatar.

Mataki na huɗu: P ko U

Harafin U yana nufin yarjejeniyar aiki tare. Dokar Amurka ta 1977 ce ta raba tallafi zalla da wannan yarjejeniya, kuma abin da ya raba su shi ne hannun gwamnati a cikin aikin. A P, an ba ka kuɗi, ana jiran rahoto. A U, mai kuɗin yana shiga gona tare da kai. Za a naɗa masanin kimiyya daga hukumar da zai zauna a kwamitin gudanarwa, yana da ƙuri'a, za a sa maka matakan da dole ka cimma kowace shekara, kuma rashin cimma su na iya rage kuɗin shekara mai zuwa.

A taƙaice, U19 'yar uwar P01 ce, U54 kuma 'yar uwar P50. UM1 tana da sassa da yawa amma takarda guda ake rubuta mata, a tantance ta dunƙule, da ita ake riƙe shugabancin manyan hanyoyin gwajin magunguna da rigakafin ƙanjamau. U24 ta kayan amfanin jama'a ce, kamar rumbun bayanai ko cibiyar daidaita ayyuka.

Ga mai bincike a Kano ko Zariya ko Yamai ko Kumasi, ƙofar U ita ce tarihi ya nuna tana buɗewa. Shirin H3Africa, wanda NIH da gidauniyar Wellcome suka ƙaddamar a 2010 aka fara rabon kuɗinsa a 2012, kai tsaye ya riƙa ba cibiyoyin Afirka, kuma manyan cibiyoyinsa na ɓangaren NIH da U54 aka kafa su. A cikinsu akwai SIREN, binciken shanyewar ɓarin jiki da Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a Najeriya da Ghana, wanda asibitocin koyarwa na Kano da Zariya suka kasance cikin wuraren da aka tattara marasa lafiya. Cibiyoyin binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa da ƙasa da aka fara a 2010 da U19 ake ba su, ta Afirka ta Yamma ma daga baya a Bamako shugabancinta ya koma. A 2021 kuma shirin DS-I Africa na kimiyyar bayanai ya ware kimanin dala miliyan 74.5 na shekara biyar, da manyan cibiyoyi bakwai na U54, ɗaya a Cibiyar Nazarin Ƙwayoyin Cuta ta Ɗan Adam da ke Abuja. Lura da abu guda: dukan waɗannan, hukumar ce ta yi kira, ba wani ne ya tashi ya ƙwanƙwasa ƙofa haka kawai ba.

Mataki na biyar: karanta sanarwa daga sashe na uku

Ba a tura takarda ga NIH sai a ƙarƙashin wata sanarwar tallafi, kuma ana neman su a Grants.gov. In ka sami wadda ta yi maka, kada ka fara daga sama inda ake kwatanta manufar da za ta faranta maka rai. Tsallaka zuwa sashe na uku, na cancanta. A nan ake faɗin abu uku daban-daban: ko cibiyar ƙasar waje za ta iya nema da kanta, ko reshen wata cibiyar Amurka da ke waje zai iya, da ko an yarda a yi wani ɓangare na aikin a waje. Sanarwoyin P da yawa a rufe suke ga cibiyoyin waje. In layin farko ya ce a'a, ba rubutun da zai sauya shi.

A nan ne kuma aka yi babban sauyi. Shekaru da yawa, hanyar da aka saba ita ce jami'ar Amurka ta karɓi tallafi ta yanka wa abokiyar aikinta ta Afirka kaso a ƙarƙashinta. A ranar 1 ga Mayu 2025 hukumar ta sanar da daina wannan tsari, daga baya ta fito da sababbin alamomi, PF5 da UF5, na ayyukan haɗin gwiwa da ƙasashen waje. Cibiyar Amurka ce ke jagorantar takardar, ɓangaren waje yana da nasa sashe a ciki, in an ci nasara kuma sai a ba shi tallafinsa daban da alamar RF2 ko UL2. Ma'anar wannan a aikace ita ce jami'ar da a da take fakewa a bayan abokiyarta ta Amurka wajen rajista da rahoton kuɗi, yanzu da kanta za ta amsa.

Bayan sashe na uku, koma na biyu ka ga iyakar kuɗi da shekaru, sai na huɗu don jerin sassan da ake so da yawan shafukan kowanne, sai na biyar don ma'aunin da za a auna ka da shi. Duk inda sanarwa ta saɓa wa babban littafin umarnin cike takarda na NIH, sanarwar ake bi.

Mataki na shida: rajista

Cibiya ake ba tallafi, ba mutum ba, don haka cibiyar ce za ta yi rajista. Ta ƙasar waje tana fara neman lambar NCAGE, wato lambar shaidar cibiyoyin da ke wajen Amurka, sannan rajistar SAM.gov, shafin masu hulɗar kuɗi da gwamnatin Amurka, inda za ta sami lambar shaida ta UEI, wadda ta maye gurbin tsohuwar DUNS a Afrilun 2022, sannan Grants.gov da eRA Commons, shafin da NIH ke bibiyar takardu da tallafi a kansa. Hukumar na cewa a ware mako shida ko fiye. Ni dai wata uku nake cewa, domin abin da ke jan lokaci shi ne sunan cibiya da adireshinta: in a wata takarda an rubuta "Road" a wata "Rd", ko sunan unguwa ya bambanta da harafi ɗaya, sai a mayar da kai baya. Rajistar SAM kuma duk shekara ake sabunta ta. Na taɓa ganin wata tawaga da ta gama rubutu tsaf, saura kwana huɗu aka tarar rajistar ta mutu, kuma jami'in da imel ɗinsa ke kan asusun ya yi ritaya.

Kowane shugaban aiki yana buƙatar asusunsa na eRA Commons da ORCID, wato lambar shaidar mai bincike. In za a yi bincike da mutane, cibiyar na buƙatar lambar tabbacin kare mahalarta ta FWA da kwamitin ɗa'a mai rajista. A Najeriya, fitar da samfurin jini ko na nama zuwa waje sai da yarjejeniyar miƙa samfuri bisa ƙa'idar kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa.

Mataki na bakwai: yi magana da jami'in shirin

A ƙarshen kowace sanarwa akwai sunan jami'in kimiyya da ke kula da ita, wato jami'in shirin. Aika masa shafi ɗaya: jigon cibiyar, ayyukan da shugabanninsu, sassan hidima, da kiyasin kuɗi. A da an daɗe ana bin ƙa'idar cewa mai neman dala 500,000 ko fiye a shekara, ba bisa kira na musamman ba, ya nemi izini mako shida kafin turawa, sai dai hukumar ta soke ta a ƙarshen 2025, kuma wasu cibiyoyi sukan so a zauna da su watanni kafin P01. Ko sanarwar da ke hannunka ta wajabta ko ba ta wajabta ba, ka tuntuɓa. Shi ne zai iya gaya maka cikin layi biyu cewa cibiyarsu ba ta da sha'awar jigon a bana, ko cewa aikinka na uku ya fi dacewa da wata ƙofa. Mu da aka raina da kunyar damun babba, wannan wasiƙar takan yi mana nauyi, amma amsa irinta na cikin aikin da ake biyansa albashi dominsa.

Mataki na takwas: gina sassan

Takardar tana da babban sashe da a fom aka rubuta masa Overall, sai sashen gudanarwa, sai sassan hidima, sai ayyukan bincike. Kowanne yana da shafi ɗaya na manufofi. Bayanin dabarun bincike yakan kai shafi 12 ga babban sashe da kowane aiki, shida ga sashen hidima, sai dai in sanarwa ta ce wani abu daban.

Babban sashe shi ne wanda kowane mai tantancewa zai karanta, domin ba kowa ke karanta dukan ayyukan ba. Kada ya zama taƙaitawar ayyuka a jere. Zanen nan na akwatuna da kibiyoyi a nan gidansa yake. A kawo shaidar cewa mutanen nan sun taɓa aiki tare: maƙalun da suka fitar da sunayensu a haɗe, bayanan farko da suka tara tare. Tawagar da sanarwa ce ta haɗa ta, ana gane ta. Shi ya sa ƙananan tallafi suke da muhimmanci. Binciken hana shanyewar ɓarin jiki ga yara masu sikila da aka yi a Kano tare da Jami'ar Vanderbilt da R21 ya fara, ƙaramin tallafi na shekara biyu, kafin ya kai ga R01. A kan irin wannan tarihin ake ɗora babbar cibiya.

Sashen hidima kuwa ƙa'idar da aka saba ita ce ya yi wa aƙalla ayyuka biyu aiki. Wanda aiki ɗaya kaɗai ke amfani da shi, a mayar da shi cikin wannan aikin. A yi jadawali mai nuna kason lokacin da kowane aiki zai ci, a kuma faɗi wanda zai yanke hukunci ranar da ayyuka biyu suka zo da samfuri lokaci guda injin kuma ɗaya ne. A faɗi gaskiya game da wutar lantarki: firizar da ke riƙe sanyi na digiri 80 ƙasa da sifili tana buƙatar janareta, da sola, da wanda zai tashi da tsakar dare in ƙararrawa ta yi kuka. Mai tantancewar da ya taɓa aiki a Afirka zai nemi wannan layin.

Sashen gudanarwa bai kamata a bar shi sai daren ƙarshe ba. A ciki ake bayyana wanda zai gaji shugaba in ya tafi, yadda za a sasanta saɓani, yadda za a janye kuɗi daga aikin da ya tsaya, da kwamitin mashawarta na waje. Wasu sanarwoyi suna hana a ambaci sunayen mashawartan ko a tuntuɓe su kafin tantancewa, don kada a rage waɗanda za su iya zama alƙalai. In shugabanni sun fi ɗaya, sai an haɗa takardar tsarin shugabanci. Tun daga 25 ga Janairu 2023 kuma, tsarin adana bayanai da raba su wajibi ne.

Mataki na tara: kasafi

Da dala ake rubuta shi, dalla-dalla, kowane sashe da nasa, na'ura ce ke haɗa jimillar. Abin da ke ba shugabannin jami'o'inmu mamaki shi ne kuɗin ɗawainiya, wato kason da ake ƙara wa cibiya don hidimomin gudanarwa. Jami'ar Amurka takan sami kaso mai tsoka da ta daidaita da gwamnati, amma cibiyar waje kashi 8 cikin ɗari kawai ake ba ta, ban da kuɗin manyan na'urori. Saboda haka duk abin da aikin ke ci kai tsaye, kamar man janaretan ɗakin ajiya, intanet na rumbun bayanai, da albashin manajan shiri, a sa shi a fili da hujjarsa. A tambayi ofishin kuɗi tun yanzu ta wane asusu dalar za ta shigo, kuma kwana nawa ake ɗauka kafin ta isa hannun mai sayen sinadarai.

Mataki na goma: turawa

Takardar ayyuka da yawa ta manhajar ASSIST ake haɗa ta, ko ta wata manhajar jami'a da ke haɗe da hukumar. Ranakun da aka saba ga 'yan gidan P su ne 25 ga Janairu, 25 ga Mayu da 25 ga Satumba, amma sanarwar kira na musamman tana da ranarta. Wa'adin ƙarfe biyar na yamma ne agogon garin da cibiyar take, kuma jami'in da cibiya ta ba ikon sa hannu ne kaɗai ke iya turawa, ba shugaban bincike ba. Na'ura tana fitar da gargaɗi da kuskure. Gargaɗi ba ya hana wucewa, kuskure yana hanawa, kuma gyaransa dole ya kammala kafin wa'adi. Bayan ta wuce akwai kwana biyu na aiki don duba yadda takardar ta haɗu. Mai turawa ranar ƙarshe ya yafe wannan damar. A tura saura mako guda.

Mataki na goma sha ɗaya: abin da ke biyo baya

Tantancewa hawa biyu ce. Da farko kwamitin masana zai zauna, kowa ya ba da maki daga 1 zuwa 9, inda 1 ya fi kyau. Ana ɗaukar matsakaicin a ninka da goma, sai makin ƙarshe ya faɗa tsakanin 10 da 90. Kowane aiki yana samun hukuncinsa, amma makin cibiyar gaba ɗaya ba matsakaicin na ayyukan ba ne. Ana iya samun ayyuka uku masu kyau da makin gaba ɗaya mara kyau, in ba a ga abin da ya ɗaure su ba. Ana kuma iya zare aiki mai rauni, in waɗanda suka rage ba su kai adadin da ake buƙata ba, duka gandun ya rushe. Wannan ne dalilin da wasu ke shiga da ayyuka huɗu inda ake neman uku. A da, kowace cibiya ita ke shirya kwamitin irin waɗannan manyan takardu, amma a 2025 hukumar ta tattara tantancewar farko a cibiyarta ta nazarin takardu.

Hawa na biyu shi ne majalisar mashawarta ta cibiyar, mai zama sau uku a shekara. Takardar da aka tura a Mayu, ana tantance ta a Oktoba ko Nuwamba, majalisa ta duba a Janairu, kuɗi kuma ba sa fitowa kafin Afrilu. In maki ya yi kyau, za a nemi ƙarin takardu: amincewar kwamitin ɗa'a, shaidar horon kare mahalarta, da jerin duk wani tallafin da kowane babban ma'aikaci ke da shi, na gida da na waje. In bai yi ba, za ka sami takardar sharhin masu tantancewa. Ka ajiye ta kwana biyu kafin ka sake karantawa, sannan ka kira jami'in shirin, domin sau da yawa ya saurari zaman. Inda sanarwa ta yarda, ana iya sake turawa sau ɗaya da gabatarwa mai amsa sharhin, sai a ga A1 a ƙarshen lambar. Sanarwar kira na musamman kuwa sau da yawa zagaye ɗaya ce, a irin wannan hali sai a warware gandun, a tura aikin da ya fi samun yabo a matsayin R01 a zagaye na gaba.